Lauyan da Aka Yi wa Rabin Aski

Shekara arba'in da wani abu ina auren Tokuji, ban taɓa jin ya buɗe baki ya ce wani wuri na yi masa ciwo ba. Akwai lokacin da haƙori ya kumbura masa fuska har ido ɗaya ya rufe, na tambaye shi, ya ce sauro ne. A tsakiyar sanyi, ƙanƙara har gwiwa, wai sauro! Irin mijin da nake da shi ke nan, kuma kaf garinmu babu wanda bai san shi ba: Tokuji Kuramochi mai aski, wanda shagonsa ke bakin gada. Shi yake riƙe almakashi, ni kuma nawa wankin kai da tawul mai zafi. A saman shagon muke kwana.

Farkon sanyin bara abin ya faru. Ya ɗauko tawulan shago daga wurin mai wanki a bayan kekensa, ya zo kwanar gada, sai ga motar Isamu mai kai wa gidaje kananzir. Titi ya daskare, birki bai kama ba, motar ta sulale ta ɗebe shi da keken gaba ɗaya. A kan kafaɗar dama ya faɗi. Waɗanda suka ga abin sun ce da ya miƙe, abin da ya fara yi shi ne ya rusuna wa Isamu ya ba shi haƙurin tare masa hanya, sannan ya shiga tsince tawul da hannun hagu.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, Likita Udagawa ya ce babu karaya, buguwa ce, ya riƙa zuwa ana gasa wurin ana motsa masa hannun. Kamfanin inshorar motar Isamu ya ɗauki nauyin magani. Muka kashe fitilar nan mai juyawa ta ƙofar shago, alamar masu aski a wurinmu, muka liƙa takarda cewa muna ɗan hutu.

Hutun ya ƙi ƙarewa. Ni nake zura masa hannun riga kowace safiya. Tsinken cin abinci ya gagare shi, ya koma cokali da hannun hagu, yana zubar da miya a ƙirji kamar ɗan yaye. Idan ya juya a kan shimfiɗa ya danne kafaɗar, ina jin numfashinsa na tsayawa, amma ko uhum ba zai ce ba. Duk da haka gari na wayewa zai sauka shago ya share, ya goge madubi, ya ɗiga wa almakasai mai ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da su mazauninsu. Ina kallonsa daga matakala, tausayi da haushi suna kokawa a raina, kuma yawanci haushin ne yake kayar da tausayin.

Haushin nawa yana da dalili. Duk zuwan da zai yi asibiti, likita zai ce, "Yaya kafaɗar, Malam Kuramochi?" Shi kuwa sai ya gyara zama ya sunkuyar da kai.

"Albarkacinka, Likita, na samu sauƙi sosai."

Likita ya rubuta. Haka aka koya mana tun muna yara, wanda ya wahala a kanka ba ka ce masa wahalarsa ba ta yi amfani ba. Kowa yana faɗin haka sau ɗaya ko biyu don ladabi, sannan ya kawo kukansa. Tokuji shi a ladabin yake tsayawa. Rana ɗaya na bi shi har cikin ɗakin na ce, "Likita, mutumin nan ko gashin kansa ba ya iya tajewa." Sai Tokuji ya yi dariya ya ce, "Ka san mata da zuzuta abu." Likita ma ya yi dariya. Daga ranar a benci yake barina da jakarsa.

Ga kuma Isamu. Duk Lahadi sai ya zo da kwalin alewar wake, ya tsaya a ƙofa ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa. Magidanci ne da 'ya'ya mata biyu, amma Tokuji ne ya yi masa askin farko, lokacin sai an gitta katako a kan hannun kujera kafin kansa ya kai madubi. Tun ranar hatsarin bai sake aski ba, ya ce ba zai kai kansa wani shago ba alhali shi ya rufe wannan. Gashi ya rufe masa kunne.

"Baba, yaya jikin?"

"Garau! Kai dai ka daina wahalar da kanka. Lalaci ne kawai ya hana ni buɗewa."

Isamu ya tafi da sanyin zuciya, ni kuma a bar ni da alewar wake da mai hannu ɗaya.

Da ƙanƙara ta fara narkewa sai aka bugo waya daga kamfanin inshora. Murya mai daɗi, ladabi kamar ya zuba ƙasa. Wai sun yi murna da ganin rahoton likita cewa an warke, don haka ƙarshen wata za a rufe maganar magani, za su aiko da takardar sulhu Tokuji ya buga hatiminsa, wanda shi ne sa hannu a wurinmu. Tokuji yana riƙe da waya da hannun hagu yana rusuna wa bango, yana cewa ya gode, ya ba su wahala. Likita ma ya riga ya gaya masa cewa zuwan Laraba shi ne na ƙarshe. Ina gani za a rufe magana, hannun da ya ciyar da mu ya zauna a haka har abada, fitilar ƙofa kuma ba za ta sake juyawa ba.

'Yarmu Chizuru, wadda ke aure a birnin Sendai, ita ta gaya min a waya cewa inshorar ƙaramar motarmu tana biyan kuɗin lauya idan irin wannan ta taso. Na kai wa Tokuji maganar muna cin abincin rana.

"Lauya?" Ya ajiye cokali. "In kai Isamu kotu? Da lasin tuƙin nan yake ci da iyalinsa. In na ce ciwon ya yi tsanani, su 'yan sanda ba za su ƙara masa laifi ba?"

"To kai da wane hannun za ka ci da naka iyalin?"

"Zai sake da kansa idan gari ya yi ɗumi."

"Baban Chizuru, kai ne za ka sake, ba hannun ba."

Ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba da zubar da miya. Washegari na ce masa zan je sayen zare, na hau jirgin ƙasa na nufi birni.

Ofishin Lauya Nogami yana saman wani shagon tabarau. Na yi zaton zan ga mutum tsaf-tsaf, sai na tarar da wani mai tumbi, ya ba hamsin baya, gashinsa ya yi buya-buya kamar gonar da mai ita ya yi ƙaura. Matar mai aski ce ni, kafin in ga fuskar mutum kansa nake fara gani, kuma wannan kan ya sa na fara da-na-sanin zuwa. Ya zuba min shayi da kansa, ya saurare ni har na kai aya bai katse ni ba.

"Uwargida," ya ce, "wa ke ciwon, ke ko shi?"

"Shi mana."

"To shi ya ce lafiyarsa ƙalau. Kamfani bai yi ƙarya ba, likita ma bai yi ƙarya ba, abin da aka gaya musu suka rubuta. Ni kuma ba na iya ɗaukar aikin mutumin da bai ɗauke ni ba. Kina ganin mu lauyoyi da kamfani muke fama? Rabin aikina a yankin nan da tsofaffi irin mijinki ne. Mota ta taka mutum, ya tashi yana godiya."

Raina ya ɓaci. Na ce ashe asarar kuɗin jirgi na yi, na fara tattara jakata.

"Yaushe zai koma asibiti?"

"Laraba. Daga ita babu wata."

Ya shafa dajin da ke kansa, ya dube ni. "Kujerar askin tana nan?"

Ranar Talata da hantsi Tokuji yana goge madubi, ƙofa a buɗe don iska ta shiga, ina ninke tawul, sai ga mutumin nan ya shigo. Bai dubi takardar hutu ba. Ya rataye kwat ɗinsa, ya haye kujera ya baje, ya ajiye katinsa a gaban madubi.

"Maigida, sunana Nogami, lauya ne ni. Ba zan ɓoye maka ba, uwargida ta je wurina. Amma yau ba wannan ta kawo ni ba, aski na zo."

Tokuji ya juyo ya watsa min wani kallo, na ci gaba da ninke tawul ɗin da na riga na ninke.

"Malam, muna hutu."

"Na ji an ce ka warke garau."

"Na warke."

"To madalla. A rage gefe sosai, saman kuma a daidaita."

Nan fa ake yin ta. Mahaifin Tokuji, wanda ya bar masa shagon, bai taɓa tayar da mutumin da ya riga ya zauna a kujera ba, shi ma haka. Kuma na ga yadda yake kallon kan nan. Wata da watanni bai taɓa gashin kowa ba, ga shi an kawo masa irin wanda mai aski ke mafarki. Ya ce da ni, ba tare da ya dube ni ba, "Ke, ɗaura masa ƙyalle."

Ya sauke kujerar ƙasa iyakar saukarta. Ya manne gwiwar hannunsa a haƙarƙari, ya fara daga ƙeya. Ƙarar almakashin nan da na daɗe ban ji ba ta cika shagon, sai da idona ya kawo ruwa. Ya gyara ƙeya tas, ya zagaye kunnen hagu, ya hau gefen, gashi na zuba a ƙasa. Lauya ya lumshe ido yana ba shi labarin kamun kifi. Gumi ya fara tsattsafo wa Tokuji a goshi alhali shagon da sanyi.

Da ya zo tsakar ka, dole gwiwar hannu ta rabu da jiki. Ya ɗaga mataji da hagu, ya kama gashi, ya turo dama. Hannun ya taso kaɗan ya tsaya. Ya cije ya ƙara turawa, kafaɗar gaba ɗaya ta ɗago har kunne, hannun bai ƙara ko kaɗan ba. Ya yi ɗage. Sai almakashin ya kuɓuce ya faɗi a kan siminti.

Almakashin mahaifinsa ne. Ban taɓa ganin ya taɓa ƙasa ba.

 Tokuji ya tsaya yana kallonsa a ƙasa, fuskarsa ta yi fari fat. Ni na duƙa na ɗauka. Lauya Nogami ya buɗe ido ya dubi madubi: hagu da ƙeya kamar ango, dama da sama kuwa dajin yana nan yadda ya zo da shi. Ya juya kai hagu da dama.

"Inda aka yi ɗin ya yi kyau ƙwarai," ya ce. Ya kwance ƙyallen da kansa ya miƙe.

"Malam, tsaya," in ji Tokuji. "Akwai shagon Sagae a bayan tasha, abokina ne. Zan buga masa waya ya ƙarasa maka."

"A'a. Ni wanda ya fara min shi yake ƙarasawa."

"To ga hula."

"Hula tana sa min ƙaiƙayi." Ya sa kwat ɗinsa. "An ce akwai mai taliya mai daɗi a gaban tasha, can zan ci abinci. Duk wanda ya tambaye ni zan ce shagon Kuramochi ne, bakin gada. Gobe ƙarfe nawa ne asibitin? In ka yarda in raka ka, to. In ba ka yarda ba, in zauna a benci tare da uwargida."

Ya ajiye kuɗin aski cikakke, ya fita. Tokuji ya bi shi har ƙofa yana kallon kan nan yana tafiya a kan gada, mutane suna waiwaye. Yinin ranar bai yi min magana ba. Abincin yamma ma ko taɓawa bai yi ba.

Da safe muka tarar da lauyan a ƙofar asibiti, kansa yadda yake jiya. Wata tsohuwa da ke jiran layi ta rufe baki da hannu.

"Haka ka hau jirgi?" in ji Tokuji, murya ƙasa-ƙasa.

"Zuwa da dawowa. Da yamma ma ina da zama a kotu."

"Kotu! Gaban alƙali?"

"Zai tambaya kuwa, mutum ne mai son sanin komai."

Da aka kira sunansa, Tokuji ya miƙe, ya dubi lauyan ya ce, "Taho. Gara ka shiga ciki da ka zauna nan kowa yana kallo." Ni ma na bi bayansu, babu wanda ya ce in tsaya da jaka.

Likita Udagawa yana kallon takardunsa ya ce, "To, yau sallama ke nan. Yaya kafaɗar, Malam Kuramochi?"

Na ga mijina ya gyara zama, kansa ya fara sunkuyawa. "Albarkacinka, Likita, na..."

Daidai nan likita ya ɗago ya ga wanda ke tsaye a bayansa. Ya cire tabarau, ya mayar. Dariya ta so ƙwace masa, ya danne.

"Bawan Allah, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

 Lauya ya dubi rufin ɗaki kawai. Ni kuma na kama bakina, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ƙaramin aiki na yi ba. Kunnuwan Tokuji suka yi ja. Zai iya haɗiye ciwo har ya mutu, wannan na sani. Amma a tsaya a gabansa a kira aikin shagonsa aika-aika, a tafi a haka ba a san dalili ba?

"Ni ne," ya ce.

"Kai?"

"Gefen hagu ka duba, Likita, da ƙeyar. Wannan shi ne aikina. Saman ne ban kai ba." Ya ɗago hannun iya inda yake kaiwa. "Hannun ba ya ɗaguwa. Tun ranar da na faɗi bai taɓa wuce nan ba. Matata ke sa min riga. In na kwanta a kansa kamar ana soka min almakashi. Jiya na yar da almakashin mahaifina a ƙasa."

Likita ya ajiye biro. Dariyar ta ɓace daga fuskarsa. Ya taso ya kama hannun ya ɗaga shi sama da kansa, ya ce, "Riƙe shi a nan," ya saki. Hannun ya faɗo kamar jiƙaƙƙen tawul, Tokuji ya saki wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"Haba, Malam Kuramochi! Me ya sa ba ka faɗa ba tuntuni?"

"Na ga kana iya ƙoƙarinka."

A makon aka tura shi babban asibiti, aka cusa shi cikin na'urar nan mai ƙara da ke ganin abin da hoton ƙashi ba ya gani. Jijiyar kafaɗa ce ta yage. Suka ce da an ƙara jinkiri da ta janye yadda ba za ta ɗinku ba.

Amma tun a ranar Larabar, a bencin asibiti, Tokuji ya zaro hatiminsa daga aljihu. Wanda ya yi niyyar buga wa kamfani ne. Ya riƙe shi bai miƙa ba.

"Malam Nogami, Isamu fa?"

"Da kamfani zan yi magana, ba da shi ba, don irin wannan ranar yake biyansu. Maganar lasinsa kuwa ba zan yi maka ƙarya ba, mai yiwuwa a sake dubawa. Idan kana so, sai ka rubuta cewa ya kula da kai kuma ba ka neman a tsananta masa, ni zan kai. Amma ka tambaye shi da kanka, tsakanin wannan da ya riƙa wuce shagonka a rufe har ƙarshen rayuwarsa, wanne ya fi masa nauyi."

Tokuji ya buga hatimin a takardar ɗaukar lauya, da hannun hagu, a karkace. Sannan ya ce, "Sharaɗi ɗaya. Daga nan shagon Sagae za ka wuce kafin alƙali ya gan ka." Ya kuwa buga wa Sagae waya yana gaya masa inda zai bi da inda ba zai taɓa ba, har Sagae ya gaji ya kashe wayar.

Ranar Lahadi da Isamu ya zo da alewarsa ya ce, "Baba, yaya jikin?" Tokuji ya zaunar da shi ya gaya masa gaskiya. Isamu ya yi kuka sosai. Da ya share hawaye ya ce, "Baba, ashe ka bar ni ina ta kawo maka alewa kamar wawa." Shi ya kai mu asibiti ranar tiyata, kuma shi ya riƙa kai Tokuji wurin motsa hannu duk tsawon bazara, a cikin motar da ke warin kananzir. An dakatar da lasinsa na ɗan lokaci daga baya, matarsa ta karɓi tuƙin, ta kuma fi shi iya kwanar gada. Kamfani kuwa, da takardar lauya ta isa gare su tare da sabon hoton, murya mai daɗin nan ba ta sake kiran gidanmu ba. Can suka ƙarata da Nogami, magani ya ci gaba.

Ana girbin shinkafa muka cire takardar hutu. Ni na kunna fitilar ƙofa, ta yi ɗan gurnani sannan ta fara juyawa. Lauya Nogami ne ya fara zuwa, da jirgin farko, kan ya koma daji kamar ba a taɓa shiga ba. Isamu yana zaune a benci yana jiran layi, gashinsa ɗaure a ƙeya da robar 'yarsa.

Tokuji bai sauke kujerar ba. Ya fara daga ƙeya, ya zagaye kunnen hagu, ya zagaye na dama. Ina tsaye da tawul a hannu. Ya ɗaga mataji ya kama gashin tsakar ka. Gwiwar hannunsa ta rabu da jiki, ta taso a hankali, ta zo inda ta tsaya rannan, ta ɗan yi rawa, ta wuce. Almakashi ya ci gashi.

Na matsa kusa da shi na ce a hankali, "Baban Chizuru, yaya kafaɗar?"

Bai ɗauke ido daga kan lauya ba.

"Tana ciwo," ya ce. "Miƙo min tawul mai zafi, akwai mai jira."